Ciyawar Da Ta Sha Guba, Wa Zai Ci Ta?

Ƴan uwa makiyaya na kowane gefe, Fulani da Buzaye da Tubawa da Larabawa da Hausawa masu kiwo.  Yau akwai wata magana da muke so kowa ya ji. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a bakin rijiya ko a kasuwar dabbobi, domin idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

A watan da ya wuce an gayyaci ƙungiyarmu wani taro na kwana biyu a Damagaram. Aka zaunar da mu a ɗaki mai sanyi, wani saurayi mai ilimi ya haska mana hotuna a bango. Hoton farko fili ne baƙi ƙirin da mai ya malale a kansa. Hoto na biyu filin nan ne dai, amma ya yi kore shar da ciyawa. Ya ce wannan ita ce sabuwar dabara: ƙasar da guba ta ɓata, a shuka mata ciyawa da itatuwa, saiwoyinsu da wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa za su wanke ta. Ba a bukatar katafila, ba a bukatar kamyo, kuɗin kuma kaɗan ne. Jama'a suka yi tafi. Sai wani dattijo daga cikinmu, wanda bai taɓa shiga lakkwal ba, ya ɗaga sandarsa ya ce: "To yaro, ciyawar nan da ta sha gubar, wa zai ci ta?" Ɗaki ya yi tsit. Can sai shugaban taro ya ce za a duba wannan a mataki na gaba. Wannan amsa mun san ta tun muna yara, mun kuma san mataki na gaba ba ya zuwa. Saboda haka muka ce tambayar da ba a amsa a ɗakin taro ba, za mu kawo ta cikin wannan jarida.

Abin da saiwa take iyawa

Da farko bari mu faɗi gaskiyar da ke cikin maganar saurayin nan, don kada a ce makiyayi maƙiyin ilimi ne. Bayan taro mun zauna da shi, mun kuma tambayi mushen dabbobi da mushen gona, ga abin da muka fahimta.

Cikin ƙasa akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a dunƙulen ƙasa ɗaya sun fi a ƙirga. Irinsu ne suke sa madara ta yi tsami ta zama nono, irinsu ne kuma suke zaune a ƴan ƙulle-ƙullen da muke gani a saiwar wake da gyaɗa. Wasu daga cikinsu suna cin mai. Ɗanyen mai da gazuwal da baƙin man mota abinci ne a gare su, suna narkar da shi har ya koma iska da ruwa. Saiwar tsiro kuwa tana tsattsafo da wani ɗan zaƙi a kewayenta, sai ƙwayoyin nan su taru a wurin kamar yadda bisashe suke taruwa a mashaya, su yi ta yaɗuwa fiye da yadda suke a ƙasar da babu tsiro. Saiwa kuma tana huda ƙasa, iska da ruwa su shiga. To idan an haɗa tsiro da taki da danshi, mai yana raguwa a hankali. Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 1989, da jirgin ruwan dakon mai ya fashe a gaɓar Alaska ta Amurka, taki aka riƙa watsawa a bakin teku don ƙwayoyin nan su ƙara ƙarfin cin man. Kashin shanunmu ma yana cikin abin da masana suke zubawa a irin wannan aiki, ga shi kuwa mu ne masu shi.

Amma ko a nan akwai sharuɗɗa, kuma ba a haska su a bango ba. Ƙwayoyin nan ba sa aiki a busasshiyar ƙasa. A ƙasashen da aka ɗauko hotunan ruwa yana sauka kusan shekara duka. Mu a Damargu da Tasker damanarmu wata uku ce idan Allah ya kyauta, sauran watannin ƙasa ta ƙone, ƙwayoyin sun kwanta. Aikin da zai ci damana biyu a can, a nan sai wanda ya gani. Idan kuma za a yi ban ruwa, daga wace rijiya za a ɗebo? Daga wadda muke layi tun asuba da wasaki da jakai? Na biyu, saiwa tana da iyaka. Yawancin ciyawa ba ta wuce mita ɗaya ko biyu ba, dangin jema da ake yabo da doguwar saiwa tana kaiwa mita 3 ko 4. Man da ya nutse ya wuce nan ya kama hanyar ruwan rijiya, saiwa ba ta bin sa. Na uku, idan man ya yi yawa tsiron ma ba ya fita, mai kauri irin na kwalta kuma yana daɗewa ƙwarai. A Kuwet, ƙasar rairayi irin tamu, an cinna wa rijiyoyin mai fiye da 600 wuta a yaƙin 1991, man ya kwanta tabki-tabki a hamada, aka shekara fiye da 30 ana fama da wanke wannan ƙasa, da kuɗin da mu ko a mafarki ba mu taɓa gani ba. A ƙasar Ogoni ta kudancin Najeriya, inda ruwan sama ba ya yankewa, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Wanda ya ce mana damana biyu ta isa, ya faɗa mana da wane ruwa.

Abin da saiwa ba ta iyawa

Yanzu ga inda gizo yake saƙa. Guba iri biyu ce. Akwai wadda ake narkarwa, kamar mai. Akwai wadda ba ta narkewa har abada, wato dangin ƙarfe: dalmar cikin batir, zaibar da masu haƙar zinariya suke wanke zinariya da ita, da dusar yuraniyom. Babu wata halitta da Allah ya yi da za ta ci dalma ta mai da ita ruwa. Abin da tsiro yake yi shi ne ya tsotso ta daga ƙasa ya aje ta a jikinsa, wani a saiwa, wani a kara da ganye. Akwai tsirran da suka gwanance da wannan. A 2001 masana a Amurka sun ba da labarin wani tsiro da yake tara gubar arsenik a ganyensa da yawan gaske. Masu ilimi suna murna da irin wannan tsiro, gaskiyarsu ne, domin a wurinsu za a yanke shi, a ƙone shi a tanda ta musamman, a binne tokar a rami mai tsaro. Mu kuma da muka ji labarin sai gabanmu ya faɗi, saboda mun san gubar da take kwance a ƙasa an ɗago ta an kawo ta daidai bakin saniya.

Wannan hanya, daga ƙasa zuwa ciyawa, daga ciyawa zuwa dabba, daga dabba zuwa ƙwaryar nono, ba mu ne muka ƙirƙira ta ba. A 1986 tashar nukiliya ta Carnobil ta fashe a Yukiren. Yaran da suka sha madarar shanun da suka yi kiwo a yankin, da yawansu sun kamu da kansar maƙogwaro. Iska ta ɗauki gubar, ruwan sama ya sauke ta a tsaunukan Birtaniya, nisan fiye da kilomita 2,000. Kowace shekara ciyawa tana tsotso ta, tumaki suna ci. Hukuma ta sa wa makiyayan wurin doka, ba a kai tunkiya mahauta sai an gwada ta, kuma ba a ɗage ƙarshen wannan doka ba sai a 2012. Shekara 26 ke nan, a ƙasar da take da ɗakunan gwaji da likitocin dabbobi ko'ina. A Japan kuma, bayan haɗarin Fukushima na 2011, mutane sun shuka furen nan mai bin rana da fatan zai tsotse gubar. Da hukumar noma ta auna sai ta tarar kusan bai cire komai ba, daga baya kankare saman ƙasar aka yi aka zuba a buhuna.

Ba sai mun je nesa ba. A 2010, a ƙauyukan Zamfara da ke maƙwabtaka da mu, dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Kafin a gane abin da ke kashe yaran, agwagin ƙauyukan ne suka fara ɓacewa. Dabba ita ce take fara faɗuwa, amma wa yake sauraron mai dabba? Da aka zo gyara ba ciyawa aka shuka ba. Gida-gida aka bi ana kankare ƙasa da shebur, ana kai ta rami ana binnewa, ana kawo sabuwa. An yi haka ne don dalma ba ta saurin shiga tsiro, wanda zai jira ciyawa ta kwashe ta sai jikokinsa sun tsufa.

Haka nan a Arlit. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can. Da aka rufe mahaƙar Kominak ta Akuta a ƙarshen watan Maris na 2021, an bar tulin dusa da ya kai wajen tan miliyan 20. Ɗaya daga cikin gubar da ke ciki, wadda ake kira radiyom, sai ta shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinta ya tafi. Masu mahaƙar da kansu shirin da suka yi shi ne a lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu. Saboda haka duk wanda ya zo wa ƴan uwanmu masu raƙuma na Ayar da maganar ciyawa za ta wanke irin wannan wuri, a ba shi ruwa ya sha, a nuna masa hanya.

Muna sane akwai wata dabara ta uku, a shuka abin da zai riƙe ƙasa mai guba don kada iska da ruwa su kwashe ta su kai cikin tabki. Wannan yana da amfani, ba mu ƙi ba. Amma a kira shi da sunansa, rufewa ne. Gubar tana nan a ƙarƙashi, kuma wurin bai zama makiyaya ba don ya yi kore.

Saniya ba ta karatu

An ce mana za a kafa allo a rubuta "an hana kiwo". Jama'a, wa zai karanta? Saniya ko yaro ɗan shekara goma da ke bayanta? Ku tuna yadda daji yake a watan Afrilu da Mayu. Ƙarangiya ta ƙare, ƙasa ta yi fari fat, shanu suna cin leda da tsumma da kwali don yunwa. A irin wannan lokaci a ce ga wani fili ɗaya kore a tsakiyar fako, ana ba shi ruwa, an zuba masa taki. Garken da ya shaƙi ƙanshinsa daga nesa ko mutum biyar ba za su tare shi ba. Raƙumi yana miƙa wuya ta saman waya, akuya tana bi ta ƙarƙashi. Kuma duk makiyayi ya san saniya ba ta tsinke ciyawa kawai, tana haɗiye ƙasa tare da ita, balle a rani da take kiwo da leɓe a ƙasa. Ga kuma son gishiri. Ruwan da ake fitarwa daga rijiyar mai da taɓon haƙa suna da gishiri, dabbar da muke kaiwa har Ingal don ta lashi gishiri ba za ta wuce wannan ba.

Mun ga irin wannan da idonmu. Shekarun baya wani kamfani ya yi aikin hanya a yankinmu, ya kafa zango kusa da burtali. Da aiki ya ƙare suka kwashe injunansu, suka bar rami cike da baƙin mai da tarin fasassun batir. Damana ta zo rami ya cika, ciyawa ta fito a bakinsa. Wani ɗan ƙungiyarmu yana dawowa daga arewa shanunsa suka faɗa wurin. Bayan kwana biyu maruƙa suka fara cizon haƙora, suna dalala, suna tafiya kamar makafi, suna dafe kai a jikin itace. Shanu bakwai ya rasa. Mushen dabbobi ya ce alamun dalma ne. Muka rubuta takarda, muka kai buro, aka ce kamfanin ya tafi, a kawo shaidar gwaji. Ina makiyayi zai samo shaidar gwaji, mushen ya kwana uku a rana? Har yau ko dala ba a ba shi ba. Ramin kuma yana nan, ya ƙara kore.

Mutanen birni kada su ɗauka wannan matsalar ƴan daji ce. Wa yake hana mai amalanke ya yanki ciyawar nan da dare ya kai kasuwa? A can mai kiwon ragon layya zai saya. Nonon da matanmu suke kawowa gari, da cukun da ake saye a tasha, da naman da ake gasawa a bakin hanya, duk daga dajin nan suke. Mata za su yanki jema da gamba su yi zana. Itacen da aka shuka za a sare a yi girki, ƙarfe kuma ba ya ƙonewa, yana zama cikin toka, tokar nan kuwa wasu da ita suke miya. Mai babbar riga da ya yi tafi a ɗakin taro, gubar za ta iske shi a akushinsa.

Filin da aka killace ba ya dawowa

Akwai tsoro na biyu, shi ma ba na banza ba ne. A ce an yi shinge mai kyau. To shekara nawa? Kuma ranar da aka buɗe, filin na wa ne? Mun ga yadda aka yi da aikin raya fako. Poroje ya zo, a haƙa rabin wata, a shuka daƙwara da ciyawa, a ce an hana kiwo shekara uku don wuri ya farfaɗo. Mu yarda, mu kewaye. Shekara uku ta cika, poroje ya tafi, sai ka tarar an kafa kwamiti a gari wanda babu makiyayi ko ɗaya a ciki, yana sayar mana da ciyawar wurin da kakanninmu suka yi kiwo kyauta. Wani wurin kuma sai ka ga gero ya tsaya a ciki. Ba mu ce ko'ina haka aka yi ba, amma an yi, kuma kowa a cikinmu zai iya nuna wurin da yatsa. Yanzu ga sabon suna an samo. Wani ya ɓata mana ƙasa, mun yi asara ta farko. A killace ta shekara goma da sunan wanki, asara ta biyu. A ƙarshe a ba wani, asara ta uku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma wannan magana ba ta gobe ba ce. Tun 2011 ake fitar da mai daga Agadem, bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 yana kawo shi matatar da ke arewa da Damagaram. A 2024 aka fara tura mai ta babban bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. A watan Yuni na 2024 aka fasa bututu a yankin Tasker, mai ya malale a daji. Tun 2014 kuma masu neman zinariya suka cika Jado da sauran wuraren arewa. Ku duba taswira ku gani, mai da zinariya da yuraniyom yawancinsu a ƙasar kiwo suke, a arewa da iyakar noma da dokar 1961 ta shata. Duk ƙasar da za a ce za a wanke, ƙasarmu ce. Yaya za a yi a shirya wankinta mu kuma a kira mu ranar tafi kawai?

Masu cewa mun cika ƙorafi

Wasu za su ce ƙasarmu matalauciya ce, ba ta da kuɗin katafila, da babu gara ba daɗi. Amsarmu ita ce arahar nan ta wa ce? Wanda ya zubar da gubar shi ne yake samun sauƙi, makiyayi kuma ya biya cikon da shanunsa. Dokar kare muhalli ta ƙasarmu ta 1998 ta ce wanda ya gurɓata shi zai biya, Bahaushe ma ya riga ta faɗa: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Maƙwabciyarmu Cadi ta nuna ana iyawa. A 2013 ta dakatar da aikin kamfanin mai na Sin saboda ɗanyen man da aka zuba a ramuka a kudancin Njamena, a 2014 aka daidaita a kan kamfanin zai biya dalar Amurka miliyan 400. Wanda yake da kuɗin haƙa rami yana da kuɗin gyara shi.

Wasu kuma za su ce ai sai a shuka abin da dabba ba ta ci, kamar tumfafiya ko cin-da-zugu ko zurma. Wannan shawara ta fi, amma a tambaye mu tukuna. Akuya tana cin fure da busasshen ganyen tumfafiya idan yunwa ta kai mata. Ƴaƴan zurma da na cin-da-zugu su kansu guba ne ga yaro da dabba. Jema tana tsohuwa shanu ba su damu da ita ba, amma tohonta suna ci. Kuma kada a kawo mana baƙon tsiro da zai tsallake shinge ya cinye makiyaya, kamar yadda garmani ya mamaye burtuloli a kudu. Wane tsiro wace dabba take ci, a wane wata, wannan ilimi yana wurin wanda ya kwana a bayan garke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma mu gyara

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A cikinmu akwai masu shafa wa raƙumi baƙin man mota don ƙazuwa. Akwai masu jefar da mataccen batir na fitila da na rediyo da na hasken rana a bayan ruga, inda maruƙa suke wasa. Akwai masu ɗiban ruwa da jarkar maganin ƙwari. Ƴaƴanmu da fari ya raba da dabbobi suna cikin masu wanke zinariya da zaiba a bakin tabki. Akwai kuma masu yanke waya da dare su tura garke, suna ganin sun yi wayo. Wanda ya yi haka a filin da ke da guba, ƴaƴansa ya cuta kafin kowa. Mu bar waɗannan, don ranar da muka tsaya gaban hukuma bakinmu ya yi nauyi.

Abin da muke nema

Na ɗaya, kafin a shuka ko tsinke ɗaya a auna ƙasar da ruwan rijiyoyin kewaye, a gaya mana wace guba ce, da Hausa da Fulatanci da Tamashek da Tubanci, a rediyo da bakin rijiya. Idan mai ne, a gwada saiwa da taki. Idan dalma ce ko zaiba ko dusar yuraniyom a inda mutane da bisashe suke, a kwashe ko a rufe da kyau.

Na biyu, shinge na gaske da mai gadi dare da rana, wanda ya ɓata wurin shi zai biya, masu gadin kuma a ɗauke su cikin ƴaƴan makiyayan yankin.

Na uku, duk abin da aka yanka a filin a san inda ya tafi. Kada ya shiga kasuwa, kada ya shiga murhu.

Na huɗu, kafin a kafa shinge a rubuta takarda gaban hukumar kula da filaye da ake kira Kofo, da sarakuna da ardo-ardo da wakilan makiyaya, cewa wurin makiyaya ne kuma makiyaya zai koma. Dokar karkara ta 1993 ta san da haƙƙinmu a wuraren zamanmu, dokar kiwo ta watan Mayu 2010 kuma ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. Idan shinge ya tare burtali ko mashaya, a buɗe wata hanya tun kafin a rufe wannan.

Na biyar, ba a buɗe wuri don ido ya ga kore. A gwada ƙasa da ciyawa, a gwada nono da jinin dabbobin kewaye, a ɗakin gwajin da ba mai ɓarnar ne yake biyan albashinsa ba, a kuma karanta sakamakon a gaban jama'a.

Na shida, wanda ya rasa dabba a biya shi, kuma hukuma ce za ta ɗauki nauyin gwajin mushe, ba talakan da ya yi asara ba.

Ƴan uwa, kowane reshe na ƙungiya ya fara aiki tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zagaya yankunanku ku rubuta duk wani rami na baƙin mai, da tsohon zangon kamfani, da wurin wankin zinariya, da tsohon sito na maganin fara. Ku rubuta sunan wurin, da rijiyar da ta fi kusa, da dabbobin da suka mutu da alamun da suka nuna. Idan dabba ta faɗi a irin wannan wuri kada a ci namanta, kada a sha nonon sauran, a kira mushen dabbobi a ranar. Ku aiko mana da takardun kafin faɗuwar ruwa. Da su za mu koma wurin masu taro mu sake yi musu tambayar dattijon nan, kuma ba za mu tashi ba sai da amsa a rubuce.

Allah ya tsare mana bisashenmu da ƴaƴanmu, ya ba mu damana mai albarka. Wassalam.